Na Ce Fuska, Kin Aiko Bango

Zuwa ga 'Yar Gawayi,

Ina mai baƙin cikin sanar da ke, da duk wanda abin ya shafa, cewa an sauke agogon bangon falona daga muƙaminsa. Ya yi aiki tsakani da Allah tun kafin a yaye ki, bai taɓa neman ƙarin girma ba, laifinsa kawai yakan ɗan riga lokaci. Yanzu yana kan firij yana kallon tukwane. Wanda ya gaje shi kuwa shi ne saƙonki.

Bayan wannan sanarwa, gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Gwiwata ta hagu tana nan da ra'ayinta. Likita ya ce in rage gishiri, kuma a gaban Hukuma ya faɗa, wato matar kawunki, saboda haka yanzu abincina da takardar maɗaba'armu ɗanɗanonsu ɗaya. Ina fata kina lafiya, karatun zane yana tafiya, kina kuma cin abin da ya fi burodi da shayi.

Saƙon ya iso a naɗe cikin wani dogon bututu, har mai gadi ya tambaye ni ko famfo zan ja. Na kira kafinta ya miƙe shi a jikin katako. Ya fi doguwar kujerarmu tsawo, tsayinsa kuma ya kawo mini kafaɗa. Da muka jingina shi muka ja da baya, sai kafinta ya ce, "Ranka ya daɗe, ko bayansa muka juyo?" Na ce masa wannan ne gaban. Ya ce, "To, Allah ya ba da lada."

Bari in gaya miki abin da na gani, ko da an musanya miki kaya a hanya. Na ga launin ƙasa-ƙasa, irin na bangon gidan haya da ya daɗe bai ga fenti ba. Na ga wani layi mai duhu, faɗinsa kamar tafin hannu, yana ɗan ƙyalli kamar maiƙo, ya taso daga hagu yana tafiya dama, yana hawa yana sauka kamar mai jin barci. Kafin ya kai ƙarshe sai ya yi wani dunƙule mai kauri, ya tsaya. Daga nan zuwa baki babu komai.

'Yar nan, me na roƙe ki? Cewa na yi ki zana mini fuskar Yaya. Kin san mahaifiyarki da kyamara, ko a taro aka ɗaga ta sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Tun da ta rasu bara, abin da ya rage mini shi ne hoton tsohon katin shaidarta, shi ma hatimi ya cinye mata kunci da rabin baki. Na ce ga 'yarta can tana koyon zane a makaranta mai tsada, ta mayar mini da 'yar'uwata. Na ce fuska, kin aiko bango. Lokacin da kike yi mini zane da gawayi a ɗakin baƙi, ko ba komai mutanenki suna da idanu.

Na ga 'yar takardar da kika liƙa: "Kada a rataye, a jingina shi a ƙasa." Na gane, kunya ce. Kada ki ji komai, kowane mai sana'a yana da ranar da hannu ya ƙi. Ni ba zan wulaƙanta aikin 'yar Yaya a inda ake tuɓe takalmi ba. Na rataye shi can sama da kujera, ya kusa taɓa silin.

Abu ɗaya kawai. Rabin rayuwata na yi ina gyaran rubutu, aikina in ga tabo a takarda in sa a cire. Dunƙulen nan yana tsaya mini a ido. Ina da sabuwar reza, in kin yarda in kankare miki shi a hankali, ba wanda zai sani.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba a gyara magana bayan ta fita, ni kuwa ban saba sakin abu ban duba shi sau biyu ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Anti. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. A yi wa agogo jaje, a ce masa mulki dama haka yake. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da ƙurar ɗakin zane ta sa ni, kuma yana tafiya.

Ba a musanya kaya ba, Kawu. Kuma ba kunya ba ce. Don Allah ka sauke shi ƙasa, a ƙasa aka yi shi, a ƙasa zai zauna. Rezar nan kuma ka bar ta wa gemunka. In ka taɓa dunƙulen nan ka ɓata aikin duka.

Na gwada fuskar, wallahi na gwada. Takardun suna nan ƙarƙashin gadona. Duk wadda na zana sai ta fito wata mata mai kirki, mai kama da Umma, wadda ban taɓa sani ba. Wata ma har murmushi take yi mini irin na masu tallar sabulu. Na ji tsoron in aiko maka da ita ka saba da ita, ta kore maka ta gaskiyar. Kuma a watannin nan na ƙarshe da na yi jinyarta, ba fuskarta na fi gani ba.

Malaminmu yakan ce akwai abin da in ka ba shi ido da hanci sai ya gudu. Na san za ka ce malaman zane ba su da aikin yi. Wataƙila.

Ka san tun da na koma makaranta bayan rasuwar ban sake zuwa gida ba. Gidan Baba har yanzu ba na jin zan iya kwana a cikinsa. Hutu ya kusa, ina so in zo, in kuma sauka a gidanka, in Anti ta yarda. Shi ya sa na fara turo shi ya riga ni.

'Yarka

*

'Yar Gawayi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe jinkirin amsa, maɗaba'a ta karɓi aikin wani littafin lissafi da marubucinsa yake gaba da waƙafi. Ki sha zuma da lemon tsami saboda tarin. Hukuma ta ce ɗaki yana nan, ta ma fara kwashe tarkacen da ta tara a ciki.

Ban sauke shi ba. Hukuma tana goge ƙasa kullum da ruwa mai yawa kamar mai shirin shuka shinkafa, zai jiƙe. Amma kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na samo littafi guda a kan irin wannan zane naku da ba ya kwaikwayon surar komai, na karanta shi tas. Marubucin ya ce launi da layi suna magana da zuciya kai tsaye, ba sai sun bi ta kan sura ba. Na zauna gaban naki da zuciyata a buɗe kamar shago, ba wanda ya shigo. Na dai samu kurakuran rubutu a littafin, na yi musu alama da jan biro don kada zaman ya tashi a banza.

Baƙi kuwa sun samu abin yi. Maƙwabcinmu direba ya ce hanya ce, kuma wanda ya yi kwangilar ya gudu bai ƙarasa ba. Abokin aikina ya ce irin layin nan ne da injin asibiti yake fitarwa. Ƙanwar Hukuma ta dube shi ta ce wa yayarta, "Ruwa ne yake zubo muku ta rufi?" Kin ga ke nan kin haɗa kan jama'a, kowa ya tafi da nasa.

Yanzu ga magana. Abin nan yana wari. Falona ya koma kamar shagon kemis. Hukuma ce take ƙorafi, ta ɗaga matasan kujera, ta leƙa bayan labule, ta ce ko dai a yi maganinsa ko a kai shi gareji wajen tsofaffin tayoyi. Ni ba ya damuna. Na dai daina zama a falo da la'asar, saboda hasken wurin ba shi da kyau ga karatu.

Na samo mafita irin ta masu ilimi. Na yi magana da mai gilashi, zai zo ya auna, a rufe shi ruf a cikin firam kamar yadda ake yi a manyan gidajen ajiye zane. Ba wari, ba ƙura, ba mai taɓawa. Har dunƙulen naki zai samu tsaro daga rezata. Ina jin wannan karramawa ce da ko malaminku bai samu ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Kada a sa masa gilashi. Gara garejin.

Tun da wari yake yi muku, ka sa kafinta ya cire shi daga katakon, a naɗe shi yadda ya zo, a dawo mini da shi. Ka ba Anti haƙuri a kan falonta, ta kuma mayar da kayanta ɗakin. Hutun nan a makaranta zan zauna, akwai aiki da yawa.

Na ɗauka ko kowa bai gane ba, kai za ka gane.

'Yarka

*

'Yata,

Ina gaishe ki. Ban san ko kina lafiya ba, tun da na karya dokata na kira ki a waya har na gaji ba ki ɗauka ba. Na tambayi babanki, ya ce kina gaishe shi ta saƙo, a taƙaice. Mu muna nan. Gwiwa da sauƙi. Barci ne dai ba ya zama.

Na sake karanta kwafin wasiƙar da na aiko miki, na ga kuskuren da jan biro ba ya kamawa. Na ce miki Hukuma ce take ƙorafin wari. Ba ita ba ce. Hancin Hukuma ya yi ritaya tun wata muguwar mura da ta yi shekarun baya, ko wake ya ƙone sai ta ga hayaƙi take sani. Ni ne na ɗaga matasan kujera. Ni ne na leƙa bayan labule. Maganar gareji ma ni na ƙirƙira na sa a bakinta. Kuma kalmar wari da na rubuta, na zaɓe ta ne don ta fi sauƙin rubutawa.

Ga abin da yake faruwa. Da safe babu komai. Da la'asar, idan rana ta zagayo ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a bangon nan, sai falon ya cika da Yaya. Man zafin nan da take shafawa a gwiwa da yatsu, wanda in ta ba ka hannu sai ka wuni da shi. Ranar farko ina zaune ina duba shafukan littafin lissafin nan, ƙafafuna a kan tebur. Ban san lokacin da na sauke su ba, na gyara zama, na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Da bakina na faɗa, a fili. Na ɗaga kai, ba kowa sai fanka tana juyawa.

Washegari haka. Na tambayi Hukuma ko tana jin wani abu, ta ce tana jin yunwa. Baƙi kuma da safe suke zuwa ko bayan rana ta faɗi, ba wanda zan kafa shaida da shi. Har likita na tambaya, a kaikaice, ko hawan jini yana sa mutum ya ji ƙanshin abin da babu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ƙara mini ƙwaya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wannan. Ƙanshin yana zuwa, ina jin kamar tana tsaye a bayan kujera, amma in na rufe ido in ga fuskarta sai hatimin nan ya fito, shuɗi, a kan kuncinta. Na kalli katin nan har ya cinye ta gaskiyar. Matar da ta goya ni, ta raka ni makaranta, ta je nema mini aure, yau ba na iya haɗa idonta da bakinta. Shi ya sa na matsa miki. Ba don in yi wa falo ado ba ne.

Mai gilashi ya zo ya auna, ya yanko, ya kawo. Gilashin yana jingine a bayan ƙofa. Sau biyu yana dawowa da kayan aikinsa ina ce masa ba yau ba. Ban naɗe zanen ba kuma. Ki gaya mini gaskiya, ko da a layi ɗaya ne: kawunki ne ya fara taɓuwa, ko kuwa akwai abin da kika sa a ciki?

Kawunki

*

Kawu,

Na gaishe ka. Tari ya tafi. Wasiƙarka ta same ni a ɗakin zane, na karanta ta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna. Ka yafe mini rashin ɗaukar waya. Na san in na ji muryarka kuka zan yi, kai kuma ka yi mini ba'a, mu rabu ba a ce komai ba.

Lafiyarka ƙalau. Ka daina shan ƙarin ƙwayar nan sai ka koma wajen likita.

Da muka kwashe kayan Umma, na tarar da kwalaben man zafinta a ƙarƙashin gado, wasu ko rabi ba ta shafa ba. Na zuba su a jakata ban gaya wa kowa ba. Layin nan ba fenti ba ne zalla. Kakin zuma na narka, na zuba man a ciki da ɗan launi. Kaki in ya ji ɗumin rana yana saki, in ya huce ya riƙe. Na ɗauka kana buɗewa za ka gane. Da ka rubuta wari, sai na ji kamar ita ka ce wa.

Kai ba ka taɓa ganin tana tafiya a watannin nan ba. In ta ji za ka zo, tun da wuri take sa in zaunar da ita a falo, ta ɗaura ɗankwali, ka same ta kamar ba abin da yake damunta. Amma tsakanin ɗakinta da banɗaki akwai ɗan lungun nan, ka san shi. Ba ta yarda a riƙe ta, ba ta yarda da sanda. Bango take dafawa da hannun hagu, ni kuma ina biye da ita a baya, hannuwana a buɗe ko za ta faɗi. Kullum, sau da yawa a rana. Bayanta na sani, Kawu, da hannun nan. A hankali man da yake tafinta ya yi layi a bangon.

Bayan rasuwar da 'yan kwanaki Baba ya sa aka yi wa gidan sabon fenti saboda masu zuwa gaisuwa. Ba laifinsa ba ne, datti ya gani. Na fito da safe na tarar da lungun fari fat.

A nan makaranta na jingina ƙyallen zanen a bango, a ƙasa, na shafa kakin a tafina tun yana da ɗumi, na bi shi yadda take bi. Ban yi amfani da buroshi ba ko sau ɗaya a layin nan. Na yi ta bi har tafiyar ta zauna a jikina, har abokan karatuna suka fara tambaya ko ƙafata ce take ciwo.

Dunƙulen kuma ba zan gaya maka ba. Ka sauke shi, ka jira rana ta zo kansa, ka sa hannun hagu daga farkon layin, ka bi. In ka yi haka ka ga ba komai, ka sa gilashin, ba zan ƙara magana ba.

'Yarka

*

'Yar Gawayi,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Likita ya janye ƙwayarsa.

Mun sauke shi jiya, ni da Hukuma, bayan mun ja doguwar kujera gefe. Ta ce in dai a ƙasa zai zauna, to ni zan riƙa goge wajen. Na karɓi sharaɗin.

Na jira rana ta hau kansa. Da ƙanshin ya taso sai na je. Abu na farko, sai da na ranƙwafa kafin tafina ya kai layin. Na manta Yaya gajeriya ce. Mutum ya yi shekaru yana jin tsoron mace, bai lura ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

Kakin ya yi laushi, da ɗumi kamar wani ya ɗauke hannunsa yanzu. Na fara tafiya. Inda layin ya sauka, sai na ji dole gwiwata ta lanƙwashe. Inda ya yi kauri, sai na ga na tsaya ina numfashi, ba ni na yi niyya ba. Abin da na kira tafiyar mai jin barci daga kan kujera, ashe kowane lanƙwasa da dalilinsa. Hukuma ta ga ina tangaɗi, ta biyo ni a baya tana cewa, "Malam, gwiwarka fa."

Da na iso dunƙulen, tafina ya faɗa cikinsa daidai. Ba tudu ba ne kawai, a murɗe yake, kamar an danna hannu an juya. Hannuna ya bi murɗin, kafaɗata ta bi hannun, sai ga ni na waiwayo ta dama. Na ga Hukuma a bayana ta buɗe hannuwa za ta tare ni. Na ji bakina ya ce, "Wa ya ce ki riƙe ni?"

Ba muryata ba ce, 'yar nan. Wato tawa ce, amma ba ni na saba faɗar haka ba.

A nan na gan ta. Ba a lungun gidanku ba, a hanyar makaranta, tana gaba da jakata a kafaɗarta, ni ina baya ina jan ƙafa. Ta tsaya ta waiwayo. Gira ɗaya a sama, leɓen ƙasa a ɗan ture, wushiryar nan tana leƙowa domin tana so ta yi dariya tana hana kanta. "Taho mana, sarkin nawa." Duka fuskar, har ɗan tabon da yake gefen hancinta, wanda na manta da shi sam. Ba hatimi.

Na daɗe a tsaye a wurin.

Sauran wurin da ba komai, daga dunƙulen zuwa baki, ba sai kin gaya mini ba. In ta waiwayo ta harare ki, sai ta saki bangon ta ƙarasa da ƙafarta, don ki san ba ta gaza ba. Haka ne ko? Na gwada ƙarasawa ba dafawa, a ranƙwafe yadda take. Wurin ba shi da tsawo, amma na ji shi.

Yau ma rana ta zo, na zauna a falo ban gudu ba. Ban ce tsoron ya tafi duka ba. Har yanzu ina sauke ƙafa daga kan tebur.

Gilashin ya samu aiki, Hukuma ta ce a yanka shi a rufe teburin cin abinci. Agogo ya koma muƙaminsa, yana ta rigan lokaci kamar ba a taɓa sauke shi ba. Ɗakin baƙi a share yake, ba a mayar da tarkacen ba. Ki zo hutun nan. Akwai wani wuri kusa da farkon layin da ya yi siriri kamar da yatsa biyu kawai aka taɓa, ban gane shi ba, ina so ki nuna mini da hannunki.

Na ce kin aiko mini da bango. Na yi kuskure.

Kawunki